Gayyar Asabar ta Yaya Vinko

Yayana Vinko bai taɓa gangarowa da keke daga kan dutse ba. Ƙurar ramin haƙar dalma ta cinye masa huhu tun yana da sauran ƙarfi. Amma duk wanda ya taɓa gangarowa ta dajin da ke bayan garinmu, a kan gumin Vinko ya gangaro.

Da aka rufe ramin, maza suka watse, wasu Ostiriya neman aiki, wasu mashaya. Shi kuwa ya rasa abin da zai yi da hannunsa. Wata rana ya tarar da samari suna ta zubewa da kekuna a wata muguwar kwana cikin daji, ya tsaya ya ƙare musu kallo, ya ce laifin ƙasar ne, ba nasu ba. Washegari ya dawo da diga da shebur. Daga nan bai ƙara zama a gida ba, har ya fitar da hanyar keke tun daga kan dutse zuwa gindinsa.

Dajin na Pavla ne, wata tsohuwa mai shanu da ke zaune a gindin dutsen, wadda ba ta maimaita magana. Sharaɗi ɗaya ta gindaya masa. Duk shekara, kafin ruwan ƙarshen kaka ya kankama, a yashe magudanan da suka ratsa hanyar, don in ganye ya toshe su ruwa zai bi sawun taya ya sauko mata gida. Ran da taɓo ya shiga rumbun ciyawarta, ran nan daji ya rufe. Suka tafa a kan haka.

Hanya mai tsawo haka ta fi ƙarfin mutum ɗaya, saboda haka Vinko ya kafa doka: wanda bai haƙa ba, ba ya hawa. Kowace Asabar ana gayya. Ni ce mai girki, miyar wake da kabeji mai tsami a babbar tukunya, a ɗora a baro a tura har bakin daji. Ɗana Tilen a nan ya girma, tsakanin shebur da zagi.

"Kai Tilen, haƙa kake ko susa kake wa ƙasar?"

"Kawu, ai lallaɓa ta nake."

"Lallaɓa uwarka ta ƙara maka miya. Nan dai danna ƙafa."

Zancen gina filin koyon keke kuwa, Vinko ne ya fi kowa ɗaga murya a kai. Ya gaji da sauko da yara da karayar kafaɗa. Shekara da shekaru yana sintiri ofishin ƙaramar hukuma, yana cewa a gina wurin da za su koyi birki da tsalle kafin su shiga daji. Da kuɗin suka fito aka kawo ɗan kwangila da katafila, na ce to, za a yi mana aikin sha-yanzu-magani-yanzu. Na wasa bakina sosai ina jira.

Ban samu abin kushewa ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Aikin ya yi kyau. Tudu-tudu na kwalta sumul, kwana-kwana masu riƙe taya, ƙananan gadojin katako don masu koyo. Ruwa ya sauka, kafin ka sha shayi wuri ya bushe. Iyaye suna zaune a benci, yara ƙanana cikin hular kwano suna zagaye. Karaya ta ragu ƙwarai. Aka ba Vinko makullin ƙofa da tsintsiya, aka ce shi ne mai kula. Ran buɗewa har ƙwalla na gani a idonsa.

Sai dai kwalta ba ta neman shebur. Baƙi suka fara zuwa daga birane da kekuna a bayan mota, su ɗan motsa jini a filin, su haye daji, su sauko su tafi. A ganinsu duk hukuma ce ta yi. 'Yan gayya suka duba suka ga wasu na hawa a ɓagas, sai suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Na koma ƙaramar tukunya, ita ma ana ragewa.

Wata ranar Lahadi Vinko ya tare Tilen a kan teburina.

"Jiya ban gan ka ba."

"Kawu, aiki ya yi mini yawa. Kuma fa yanzu muna biyan haraji, hukuma ta karɓi harkar keke."

"Hukuma ta karɓi fili. Ka taɓa ganin hukuma da manjagara a dajin Pavla?"

"To a rubuta musu mana."

"A rubuta. Ganye zai jira su karanta?"

Tilen ya yi dariya ya ƙara dankali. Na so in kwaɗa masa ludayi.

Kaka ta yi nisa, ganye ya zube ya cika magudanai. Pavla ta sauko kasuwa, ta tsaya a bakin filin da kwandonta.

"Vinko, sama ta fara nauyi."

"Na gani, Inna Pavla."

"To," ta ce, ta wuce.

A nan ne yayana ya yi wautar da har gobe ake ba da labarinta. Ranar Asabar da safe, rana ta fito, fili zai cika, sai ya ƙi buɗe ƙofa. Ya datse kwaɗo, ya tsaya a gaba da baro cike da shebur da manjagara. Duk wanda ya zo, sai ya miƙa masa ɗaya ya nuna masa dutse. A ganinsa lissafin daidai yake: dokar da ta riƙe daji shekara da shekaru, me zai hana ta riƙe fili?

Wata mata ta fito daga mota da 'ya'yanta biyu sanye da hulunansu.

"Malam, lafiya ƙofa a kulle?"

"Lafiya lau. Yau gayya. A haƙa da safe, a hau da yamma."

"Wace gayya? Yaran nan ko daji ba su taɓa shiga ba."

"Za su shiga wata rana."

"Filin nan na gidanku ne? Da kuɗinmu aka gina shi. Buɗe mana, don Allah, tun muna shaida juna."

Gaskiyarta, kuma na tsane ta saboda gaskiyar. Mutane suka taru, wayoyi suka tashi sama ana ɗaukarsa hoto, yara na kuka. Ko mutum ɗaya bai karɓi shebur ba. Tilen yana can baya, ya sunkuyar da kai kamar bai san tsohon ba. Ranar Litinin wani saurayi daga ofis ya zo, cikin ladabi har da ba da haƙuri, ya karɓi makullin.

Vinko ya hau dutse shi kaɗai. Ya fara daga sama, yana yashewa yana hutawa. Ina kai masa miya a kwano, in same shi ya dogara da shebur yana numfashi da ƙyar. Na yi faɗa, na yi roƙo, na kama manjagara da kaina. Ko rabi ba mu kai ba ruwa ya sauko, ya yi ta zuba kamar ba zai ɗauke ba.

Da ya ɗauke muka gangara gidan Pavla. Taɓo ya shiga rumbu har gwiwa, ciyawar da shanu za su ci duk lokacin sanyi ta jiƙe ta fara wari. Tsohuwar na tsaye cikin takalmin roba. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Na san ka yi iyakar yinka," ta ce. "Zan sa a kayar da itace a bakin hanyar."

"Itace ɗaya, tsallake shi za su yi, Inna. Ruwa kuma bai san itace ba. Bar ni da ita."

Ya rufe ta yadda ya gina ta, ba ha'inci. Ya farfasa kwana-kwanar da ya dandaƙe da bayan shebur, ya baje tudun tsalle, ya mayar wa ruwa tsohuwar hanyarsa. Ya ja rassa ya rufe, ya watsa ruɓaɓɓen ganye, ya ciro ƙananan itatuwa ya dasa a tsakiyar sawun taya. Yana gamawa dusar ƙanƙara ta sauka a kai.

Da ƙanƙara ta narke, wata Asabar sai ga Tilen da abokansa a ƙofar gidan Vinko, kowa da sabon shebur, ko takardar kanti ba su ɓare ba. Kunya ta yi musu aiki a makare. Ina ciki ina yi masa shara, na leƙo.

"Kawu, mun zo gayya. Mun hau sama tun safe, mun rasa bakin hanyar. Zo ka nuna mana, sai mu je mu roƙi Inna Pavla."

Vinko ya kalli sheburan nan.

"Ni ma na je na nema," ya ce. "Ban ga hanyar ba."

Ƙarya yake. Ko an ɗaure masa ido zai kai su wurin. Ya juyo muka haɗa ido, ya san na sani, ya ce in miƙo wa yaran ruwa su sha kafin su tafi.