Yaren Norway a Hanyar Masaka

Shekarar da 'yata ta haihu a Norway ta ce in je in zauna da su, sai na fara koyon yaren ƙasar a waya. Kullum da safe, cikin cunkoson hanyar Masaka, ina ta maimaita sunan burodi da madara, da yadda ake tambayar inda bas ke tsayawa.

Wata rana abokin aikina da muke shiga mota ɗaya ya yi dariya. "Hajiya, da girmanki? Ai can kowa na jin Turanci."

Na ce, "Malam, jikata da yarensu za ta tashi. Ba zan yarda a riƙa yi mana tafinta ba." Na ci gaba da karatuna, har da ƙara murya.