Hassan Mai Batir, Bayan Shekara Bakwai

Damina bakwai ke nan da muka kai Hassan makwancinsa a Kazaure. Ɗan tagwaicina ne, ni ne Husaini. Duk shekara ina cewa zan rubuta wani abu a kansa, sai in zauna in rasa abin faɗi. Bana ma ban samu ba, na dai ga gara in faɗi abin da ya faru.

Hassan mai batir ne. Rumfarsa tana bakin titin da ya nufi Daura, kusa da masu faci. Ni noma nake yi a Roni, amma in rani ya yi nakan zo in zauna a bencinsa in kalle shi. Kayan aikinsa ba su da yawa: sifana, filaya, buroshin ƙarfe, gwangwanin giris, da wani tsohon injin caji mai ƙugi kamar zuma. In an kawo mota, baƙar waya yake fara kwancewa kafin ja, in zai mayar kuma ja ce a gaba. Farin garin nan da ke taruwa a kan batir, da ruwan zafi yake wanke shi, ya goge, ya shafa giris. Ruwan batir bai bar masa riga ko ɗaya ba huji ba. Matarsa Binta ta gaji da faci ta haƙura.

Ranar da abin ya faru, an kira shi ne cewa wata mota ta mutu a hanyar Gwiwa da marar lafiya a ciki. Ya ɗaure batir a bayan babur ya tafi. Ya canja, motar ta tashi, suka wuce asibiti. Yana dawowa cikin yayyafi wata babbar mota ta banke shi. Da ni aka wanke shi. Na kalli fuskata a jikin gawa, ban yi kuka ba. Mutane suka ce ina da tawakkali. Ban musa ba, amma ni dai na san ban ji komai ba ne.

Ya bar 'ya'ya huɗu, dole na karɓi rumfar. Da gani na koya, da ƙone hannu. Yanzu sana'ar ta sauya. Batura suna zuwa a rufe, ba a zuba musu ruwa. Akwai wata 'yar na'ura da ake maƙalawa ta nuna ko batir yana da sauran rai. Wasu motocin ma sai ka jona musu ƙaramin batir kafin ka cire nasu, in ba haka ba su manta saitinsu. Rabin masu zuwa kuma batirin sola suke nema. Da yana nan, ina jin dariya zai yi ya ce har mota ta koyi mantuwa, sannan ya riga kowa sayen na'urar.

Bara wani dattijon direba daga Nijar, mai ɗaukar hatsi a kasuwar Baɓura, ya tsaya a gaban rumfar. Ya daɗe bai biyo hanyar ba. Ya rungume ni yana murna.

“Malam Hassan, ashe rai kan ga rai!”

Batirin motarsa ya zo canjawa. Na cire masa tsohon batir, na ɗora sabo, na ɗaure. Sai da na gama na ce, “Baba, Husaini ne. Hassan ya rasu.”

Ya daɗe yana kallona. Kama da wane ba ta wane. Sai ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da rawaninsa, kafaɗunsa suna rawa. Ni ina tsaye da sifana a hannu, ina jira ya gama. Da ya lafa na ce ya murza makulli mu ji. Motar ta tashi.

An ce mutuwa rigar kowa ce, na yarda. Abin da ba a gaya mini ba shi ne yadda wanda aka bari zai yi da sauran kwanakinsa. In an tambaye ni me ya rage na Hassan, ba zan nuna gida ko gona ba, bai bar su ba. Akwai 'ya'yansa da suka girma da abincin wannan rumfa. Akwai direbobin da har yau suke cewa a kai mota wurin Hassan, kuma na daina gyara musu sunan.

Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya yafe masa. Ni kuma, in da sauran hawaye a jikina, Ya nuna mini ranar da za su zo.