Audu Roni Biyu, Takaba Ɗaya

Bana shekara talatin da biyar da rasuwar Baba Audu, tsohon sojan Boma. Na ce rasuwarsa, amma ya kamata in ce ta biyu, domin an taɓa yi masa wata tun zamanin Turawa, ya dawo ya ƙaryata ta da ƙafarsa.

Bature ba ya wahalar da kansa da sunan uba. Idan ka shiga soja, sai ya tambayi sunanka da garinku, ya haɗa. Ta haka aka samu Audu Roni har biyu a runduna ɗaya: ɗaya manomi, ɗaya ɗan masu kiwo daga wata ruga ta wajen Gwiwa, wanda ya ambaci Roni don ita ce garin da za a gane. Ɗan rugar shi ne mahaifina. Shi ya faɗi a dajin Boma. Amma da saƙon mutuwa ya iso Kazaure, aka tura shi gidan manomin, wato Baba Audu. Suna linzami ne, wannan karon sai ya ja dokin zuwa ƙofar da ba tasa ba.

Matarsa, Inna Hajara, ta yi takaba cikakkiya. Aka yi sadaka, aka watse. Bayan yaƙi sai ga mamaci ya sauko daga mota da buhunsa a kafaɗa. Mai rabon ganin baɗi, ko ana ha-maza ha-mata sai ya gani. Har ya tsufa yana tsokanar abokansa cewa shi kaɗai ne a ƙasar Kazaure ya san waɗanda suka zo masa gaisuwa da waɗanda suka noƙe.

Abin da ba ya wasa da shi shi ne tafiyar da ya yi bayan dawowarsa. A rugarmu mahaifiyata tana nan tana jiran miji, ni ina ɗan yaye. Ya taka har can, ya durƙusa ya ce mata, "Baiwar Allah, kukan da aka yi a gidana naku ne. Na kawo muku abinku."

Shanunmu sun ƙare a shekarun yaƙin, mahaifiyata kuma ba ta daɗe ba ta bi mijinta. Dangi suka shiga kallon juna a kan wanda zai ɗauke ni. Baba ya ɗauko ni, yana ta shirya yadda zai roƙi Inna, alhali gidan ma da ƙyar ake cika tukunya. Ba ta bari ya gama ba. Ta ce, "Malam, ni na yi wa ubansa takaba. Wa ya fi ni iko da shi?"

A gidan na girma, daga nan na tafi elemantare, har na zama malami. Ban taɓa jin an ce da ni ɗan riƙo ba.

Yau ana sanar da mutuwa ta waya, da hoto, tun ba a yi wa gawa wanka ba. Na san abin da Baba zai ce: a bincika tukuna, ya ga abin da gaggawa ta yi.

Lambobin yabonsa sun yi tsatsa a akwati, jikoki sun ɗauka tsofaffin kwabbai ne. Ba komai. Ranar da aka kai ni makaranta aka tambayi sunan ubana, Baba ya ce a rubuta Audu Roni. Har yau ban ga dalilin tambayar wanne ba.