Lam huɗu a ƙarƙashin rumbun mahaifiyata

Shekarun baya, zamanin da gyaɗa ke da daraja, na samu sabuwar kamiyo, babbar motar kaya, ina jigila daga Maijirgi zuwa Tasawa. Kamfanin da ya sayar mani ya haɗa ni da takardar garanti ta shekara guda: duk abin da ya lalace su ne za su gyara, muddin ban taɓa komai a jikinta ba.

To, a lokacin direban da bai ƙara wa motarsa lam ba, ai ba direba ba ne. Lam su ne dogayen ƙarafan nan na ƙarƙashin mota masu ɗaukar nauyi. Ka ƙara su, ka ƙara buhuna. Ni kuwa tawa sai ta fito daga kasuwa shafal, abokan aiki suna ce mani mai lallaɓa amarya. Abin ya ci mani rai ƙwarai. Na je wurin abokina maƙeri ya samo mani guda huɗu, na ɓoye su ƙarƙashin rumbun mahaifiyata, da niyyar in ɗaura da zarar na dawo daga canjin mai.

A garejin kamfani, babban makanikin wani dattijo ne marar yawan magana. Yana kwance ƙarƙashin motar na durƙusa, wai ni mai wayo, na ce, "Baba, wani abokina ne ke tambaya, in mutum ya ƙara lam, ana ganewa?"

Bai ko fito ba. Ya ce, "Leƙo nan, yaro." Ya nuna mani ɗigon jan fenti a kan kowane noti. "Ka gaya wa abokin naka, wanda aka kwance ba ya komawa daidai. Ranar da fentin nan ya goce, takardarsa sai dai ya ƙunsa goro da ita. Wata biyar ya rage mashi, kuma ƙarfe ba ya ruɓewa."

Kunya ta kama ni har kunnuwa. Na haƙura, na ci gaba da shan ba'a wata biyar cur. Kuma wallahi ko ƙusa ba ta karye ba, takardar ta ƙare ban more ta da komai ba.

Ranar da ta ƙare na nufi rumbu da saurina, na tarar da lam uku. Mahaifiyata ta ce, "Au, masu amfani ne? Mushen sabuwar lakwal, malamin makarantar bokon nan, ya zo neman abin bugawa na kiran yara, na ba shi guda. Na ga sun kwana biyu ba mai nemansu."

Uku ba su rabuwa daidai a ƙafa biyu, ni kuma ban iya zuwa in ƙwace wa yara ba. Haka na bar motar yadda take, ta yi mani aiki har na gaji da tuƙi, alhali motocin masu yi mani dariya tun tuni sun koma wurin kwanan awaki.

Ban ce ni mai hangen nesa ba ne, tsoron jan fenti ne kawai. Amma ƙarfen nan yana nan rataye a icen bedin lakwal, kuma kowace safiya in aka buga shi, jikokina ke fita da gudu.