Ƙafar Hamissou a Kan Totur

Hamissou mutumin Mirriya ne, can ƙasar Damagaram. A wata tsohuwar mota mai kai kayan lambu kasuwar Zinder ya koyi tuƙi, kuma tuƙin ne ya kawo shi Riyadh, ya bar matarsa Sahadatou da 'ya'yansu mata a gidan mahaifinsa. A nan yana jan sadaha, wato motar nan mai shimfiɗaɗɗen baya da ake ɗora wata motar a kai. Kafilinsa, wato ubangidan da iƙamarsa, takardar izinin zama a ƙasar, ke hannunsa, wani Balarabe ne da ake kira Abu Nayif, mai ɗan kamfanin jigila.

Shi Hamissou matsoraci ne, bai kuma taɓa musu ba. Yana tsoron 'yan sanda ko da takardunsa sun cika, yana tsoron kyamarar kan titi, yana tsoron wayar da za ta shigo daga gida ba a lokacin da aka saba ba. Wannan tsoron ne ya yi masa suna. Masu tsofaffin motoci, irin waɗanda ake gyarawa su koma kamar ranar da suka fito daga kamfani, ba sa yarda kowa ya ɗauki motarsu sai shi, don ya fi mai ɗauke da ƙwai lallaɓawa.

Waɗannan mutane suna da ƙungiya, kuma duk lokacin sanyi sukan yi gasa a wani fili da ke arewacin gari, kan hanyar filin jirgi. Gasar bara da rigima ta tashi. An ce wani ya zaga bayan rumfa ya ɗumama injinsa kafin alƙalai su iso, an ce wani alƙali surukinsa ya fifita. Sai bana suka kafa doka. Motoci za su kwana a filin, makullai a hannun alƙalai. Da safe direba ɗaya ne zai tayar da kowace mota da sanyinta: ya taka totur sau ɗaya, ya ɗage ƙafa, ya murɗa makulli. Wadda ta tashi nan take ta ci makinta cikakke. Suka nemi direban da ba shi da dangi ko ƙabila a cikinsu, sai bakinsu ya zo ɗaya a kan Hamissou. Wani ya tunatar da su cewa ai yaron Abu Nayif ne, shi kuwa Abu Nayif yana da mota a gasar. Babban alƙalin, wani dattijo Abu Sa'ad, ya ce ba komai, shi zai zauna kusa da shi a kowace mota.

Motar Abu Nayif wata a-kori-kura ce ƙirar Amurka, koriya shar, wadda mahaifinsa ya yi fataucin dabino da ita. Hamissou ya san ta ciki da bai. Idan ta kwana a sanyi, taku ɗaya ba ya tayar da ita, sai uku.

Ranar Alhamis Abu Nayif ya kira shi ofis, ya zuba masa gahawa da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba.

"Ya Hamis, ka san halin motar nan. Ƙafa kuwa a ƙasa take, dattijon nan idonsa ba ya kaiwa can." Ya juya ƙaramin kofin. "Af, iƙamarka ƙarshen watan nan za ta ƙare, ko? Bari mu gama da gasa tukuna."

Hamissou ya ce, "Insha Allahu, ya ammi."

A unguwar Nasim yake zaune, ɗaki ɗaya da Musbahu, wani Bakano mai aikin tayil. Bayan sun sauko daga Juma'a Musbahu ya sayo kabsa, shinkafa da kaza, ya ga mutuminsa yana ta juya loma ɗaya a hannu.

"Kai Badamagare, ko ka fi son in nemo maka fura? Ci, bawana, ni ubangidanka na saya."

Hamissou ya kwashe labari ya faɗa masa.

"Yo wannan ne ya hana ka cin abinci? Taka mana! Totur ne fa, ba wuyan mutum ba."

"In dattijon ya gani fa? Su ce na yi ha'inci a gaban manyan mutane. Ka san yadda ake yi da irinmu, kafin ka ce kwabo kana cikin jirgi."

"To kar ka taka."

"In ban taka ba Abu Nayif ya buga mini huruj, takardar barin ƙasa, in koma Mirriya da me? Sahadatou ta riga ta faɗa wa mutane bana za a yi wa ɗaki rufin kwano."

Musbahu ya suɗe yatsunsa. "Gaba kura baya siyaki ke nan. Ni da ni ne sai in wayi gari da zazzaɓi."

"Shi ma na duba. Zai ce da gangan na yi."

"Wai ku mutanen Damagaram da aka ce jarumai ne, ashe labarin ƙanzon kurege ne." Ya tura masa cinyar kazar. "Ci dai. Ko korar ce gara a kore ka da ƙoshi."

Ran Asabar da hantsi fili ya cika. Motoci sun jeru suna walƙiya, masu su an tsayar da su bayan igiya, kowa da wayarsa a ɗage yana ɗaukar hoto. Hamissou ya tuɓe takalmansa a bakin mota ta farko don kada ya ɓata shimfiɗar ciki. Abu Sa'ad ya shiga ta ɗaya ƙofar, ya miƙa masa makulli, ya ce, "Yalla, bismillah."

Ta farko ta tashi. Ta biyu ta yi tari ta mutu, mai ita ya dafe kai, Hamissou ya ji kamar shi ya kashe ta. Haka suka yi ta bi, tafin hannunsa na zufa duk da sanyin, yana goge shi a wando kafin ya taɓa sitiyarin kowa. Da suka iso ga koriyar a-kori-kura, ya hango Abu Nayif a bayan igiya, ya harɗe hannu, ba ya ɗaukar hoto.

Ya zauna. Har a lokacin bai yanke abin da zai yi ba. Ya taka totur sau ɗaya. Daga nan sai gwiwarsa ta kama rawa, irin rawar da ba a iya tsayarwa, ga wani jirgi ya ratsa ta samansu da ƙara har kunnensa ya toshe. Ya murɗa makulli. Mota ta ɗauka nan take, inji na gurnani lafiya lau. Mutane suka yi tafi.

Abu Sa'ad bai rubuta komai ba. Ya juyo ya dube shi.

"Ɗana, sau nawa ka taka?"

Da zai ce sau ɗaya, dattijon zai karɓa, don ya ga alama bai ga komai ba, tambaya ce kawai irin ta wanda ya san wa ke riƙe da iƙamar wa. Amma Hamissou ya lalubi ƙafarsa a zuci, ya rasa amsa. Ya ɗage ta ne, ko a kan totur take rawar? Shi ya taka, ko tsoro ya taka masa?

"Wallahi, ya ammi, ban sani ba. Ƙafata rawa take yi. Ban sani ba ko ta taɓa."

Dattijon ya sunkuya ya dubi ƙafar, wadda har yanzu take karkarwa a kan shimfiɗa. Ya ce, "Kashe ta." Ya fita ya sanar cewa wannan motar za a sake gwada ta bayan la'asar, in injin ya huce, don direba bai tabbatar da takunsa ba. Surutu ya ɓarke. Wani ya ce da ma sai da ya faɗa. Abu Nayif ya ɗaga murya ya ce zalunci ne, mota ta tashi a gaban kowa. Abu Sa'ad ya ce in lafiyarta ƙalau ai za ta sake tashi.

Tsakanin azahar da la'asar Hamissou a ƙarƙashin sadaharsa ya zauna, bai ci komai ba. Ya buɗe lambar Sahadatou ya rufe. Duk wanda ya gifta sai ya ɗauka shi aka aiko a tafi da shi.

Da aka dawo, ya taka totur sau ɗaya a gaban idon dattijon, sannan ya kama ƙafar da hannu biyu ya naɗe ta a kan kujera. Ya murɗa makulli. Mota ta yi gunji, ta yi tari, ta yi shiru. A murɗa ta biyu ta tashi. Aka rage mata maki, ta zo ta huɗu, ba ta samu komai ba.

Shi ya ɗora ta a sadaha, ya ɗaure ƙafafunta, ya kai ta garejin gidan Abu Nayif. Maigidan yana tsaye har aka sauke ta. Mako ya zagayo ba kira, ba zagi. Hamissou ya ci gaba da fita aiki, duk saƙon da ya shigo wayarsa sai gabansa ya faɗi. Har ya je kasuwar Dira ya sayo jakar tafiya, ya tura ta ƙarƙashin gado.

Ana gab da ƙarewar wata saƙon ya zo, suna shan shayi da safe. Ya kasa buɗewa, ya miƙa wa Musbahu.

"An sabunta iƙamar," in ji Musbahu. Ya matso da wayar kusa da idonsa, murmushin ya ragu. "Amma ta wata uku ce, ba shekara ba."

Hamissou ya karɓi wayar ya duba da kansa. Bai taɓa samun ƙasa da shekara ba.

"To, wata ukun ma rai ne," in ji shi. Ya ɗauki makullin sadaha, don akwai motar da zai ɗauko a wani gareji kafin rana ta take.