Jan Zare a Jikin Mota

A littattafan soyayyar da na tashi ina karantawa, saurayi yakan zo ne cikin mota mai sulɓi wadda ko ƙararta ba a ji. Mijina ma da mota ya zo, sai dai tsohuwa ce ta haya, wadda yake jigilar 'yan kasuwa da ita daga Tambuwal zuwa Fakku. Ni dai a idona ita ce ta cikin littafin.

Shekarar da mai ya yi tsada, motar ta daina ciyar da mu. Yayansa da ke Legas ya aiko ya ce ya sayar da ita ya taho, ya samo masa aikin gadi. Ko sunan garin ba na son ji.

Wata safiya ya miƙo mini wayarsa, wani bidiyo yana tafiya.

"Amarya, dubi nan. Ashe iska ka shanye muna mai."

Ya ce idan aka gyara jikin mota yadda iska za ta zame ta wuce ba tare da ta tokare ta ba, mai zai riƙa daɗewa. Na yarda nan take, don ina son in yarda.

A ƙofar gida muka yi aikin. Ya kwance ƙarfen ɗora kaya da ke samanta. Ya rufe ƙarƙashinta da ragowar kwanon rufin kicin ɗinmu. Da yake ni tela ce, ni na yanka masa samfurin wutsiya a kwali kamar ina yanka riga, shi kuma ya lanƙwasa kwano a kai ya ɗaure a bayanta. Sai na kawo jan zaren saƙata, muka gutsuttsura muka manna a jikinta ko'ina, don mu ga inda iska ke bi. Ya ce idan iska ta ɗaga su suka kwanta baya, gyara ya yi.

A kan kwaltar Sakkwato muka gwada, ina kujerar baya ina leƙe.

"Mi kika gani?"

"Sun kwanta, Maigida! Wallahi duk sun kwanta!"

"To a rubuta cikin littafinki, jarumi ya yi nasara."

Ranar kasuwa na bi shi Fakku, wai zan gaida gwaggota. Muna sauka daga kwalta muka faɗa ramuka da yashi, ga shanu suna tsallakawa. Na duba zarurrukan. Duk suna reto, ko ɗaya bai ɗaga ba. Buhunan fasinja, da ba su da wurin zama a sama, a kan wutsiyar aka ɗaure su har ta lotse.

Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta ce, "Direba, wannan kwalliya fa? Aure za a yi wa motar?"

Aka yi dariya. A wani kwazazzabo kwanon ƙasan ya kama dutse ya yage. Ya fita ya fizgo shi, ya ɗora a kan buhuna, ya dawo ya ja mota. A nan na gane cewa a hanyarmu mota ba ta taɓa yin gudun da za ta haɗu da iska.

Kafin damina ya sayar da ita ya tafi. Damina uku ke nan.

Wanda ya saye ta ya mayar da ƙarfen kaya, ya cire komai, amma ya manta da zare ɗaya kusa da fitilar baya. Ranar kasuwa nakan tsaya a zaure har ta wuce. Zaren ya koɗe yanzu, yana nan yana reto.