Kunyar 'Yar Fari Ta Sa 'Yata Ke Guduna

Kowa a Roni ya ɗauka ni na watsar da 'yata na kama gabana. Ƙarya ne. Shekarata ashirin da biyu aurena ya mutu a Kazaure, kuma a lokacin ba a faɗa mini ɗaya ban mayar da biyu ba. Yarinyar na da shekara uku ubanta ya ɗauke ta ya kai wa yayarsa a Babura. Iyayena suka ce in yi haƙuri, ɗa na uba ne. Na bi maganarsu, abin da ban saba ba.

Laifina na farko koya mini shi aka yi. 'Yar fari ce, sai na yi mata kunya yadda innata ta yi mini. Ban taɓa kiran sunanta a gaban mutane ba, ban ɗora ta a cinya manya na zaune ba. In na je Babura sai in durƙusa in gaishe su, in ajiye 'yan kanti da ƙuli-ƙuli, in kau da kai. Gwaggonta, yayar uban, ta fi kowa yabona, wai ga yarinya mai tarbiyya.

Bara aka yi suna a gidan, na je, lokacin 'yata ta kai shekara bakwai. Na same ta ita kaɗai a bakin randa, na miƙa hannu, ta ja da baya. Ta ce gwaggo ta ce ba na son ta, in ba haka ba me ya sa ko sunanta ban sani ba. Wato a gabana a yaba, a bayana a nuna wa yarinya. Nan take na wanke gwaggon da ƙaninta, uban yarinyar, tas a tsakar gida, 'yata na maƙale da zanin gwaggo tana kuka. Da bakina na ba su shaidar da suke nema. Wannan shi ne laifina na biyu, kuma nawa ne ni kaɗai.

Mata 'yan'uwana, yaro bai san alkunya ba, abin da ya gani shi ya sani. In ɗanki ba a ɗakinki yake kwana ba, kira sunansa kowa ya ji. Kada kuma ki zagi ubansa a kunnensa, shi kike yanka.

Ranar Litinin kawuna zai raka ni gaban alƙali. Ba zan fizge ta daga gidan da ta saba ba. Hutun makaranta zan nema, kowane hutu, a ɗakina. Ko duk hutun farko za ta yi ba ta ce mini uffan ba, zan dafa mata abinci in zauna kusa.